Kunnen 'Yar Fari

A shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara a gida, sana'ata a Landan ita ce sayen tsofaffin injinan manyan motoci da janareto ina aikawa Kano. Ban yi boko mai nisa ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi sana'ar ƙarfe, Turancin da ya ishe ni ciniki kuma a bakin mutanen da nake saya a wurinsu na tsince shi. Ina da rabin wani sito a bayan Old Kent Road, ɗaya rabin na wani mutumin Jamaika ne mai sayar da tayoyi. Lokacin babu ko ɗaya daga shagunan 'yan Najeriya da ake gani a titin yanzu. Gidajen giya ne, da garejoji, da jajayen bas suna bin juna tun safe har dare. Flat ɗinmu yana hawa na uku a wani layi da ke kusa, tafiyar minti goma a ƙafa.

'Yata ta fari ba a hannunmu ta tashi ba. Da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, kuma sunan mahaifiyar tawa aka sa mata. Sai da tsohuwa ta rasu aka kawo mana ita, tana da shekara bakwai. Ta iso da ƙaramin akwatin ƙarfe, da ɗankwali ɗaure har kan kunnuwa, da auduga cushe a kowane kunne. Matar da ta rako ta a jirgi ta ce kunnen yana ruwa tun tana ƙarama, tsohuwa takan ɗiga mata man shanu mai ɗumi ta toshe da auduga. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. A unguwarmu ba a rasa yaro mai ruwan kunne a kowane gida, kamar majina ake ganinsa, ana cewa idan ya girma zai bari.

Gidanmu gidan kunya ne. Mahaifina har ya bar duniya ban ji ya kira sunan yayana ba, ban kuma ga sun zauna hira ba. Haka na tashi, haka matata ta tashi. To ga yarinya 'yar fari, ga ta da sunan mahaifiyata da ba ta daɗe da rasuwa ba. Ni ba na kiranta, uwarta ba ta kiranta. Idan ana son ta, ƙanwarta ake aika. Ita ƙanwar a Landan aka haife ta, shekararta huɗu, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. A ce mata je ki kira yayarki, sai ta ruga ta ja mata riga. Idan ni ne nake son a miƙo mini wani abu, sai in ce ke, in nuna da hannu. Kullum takan kawo abin da na nuna, don haka ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko muryata ta bi ko hannuna ba.

Abu ɗaya ya dami uwarta a makonnin farko. Yarinyar tana ƙura wa mutane ido a fuska idan suna magana, babba ko yaro, har baƙi. Uwar ta ce tsohuwa ta sangarta ta, kuma ba za ta bari matan 'yan'uwa da ke zuwa gidan su ce ta haifi marar kunya ba. Ta sa ta a gaba da harara da dungure har ta koyi sunkuyar da kai. Ni ma na goyi bayan haka. Cikin wata biyu ta zama irin yarinyar da ake yabo. Ta shigo ta durƙusa, idonta a ƙasa, ba a jin bakinta. Wani ma'aikacin gwamnati da ya zo kwas ya ci abinci a gidanmu ya ce ya daɗe bai ga tarbiyya irin wannan ba a ƙasar Turawa. Na ji daɗin maganar.

Warin kunnen kuwa uwar ta samo masa dabara. Babu man shanu irin namu a nan, sai ta riƙa jiƙa audugar da turare mai mai, irin wanda alhazai ke kawowa, ta cusa, ta ja ɗankwali ta rufe. Da haka yarinyar take zuwa makarantar firamare da ke tsakanin gida da sito.

Ta yi zango biyu a makarantar kafin takarda ta zo ana nemana. Shugabar makarantar dattijuwa ce mai magana a hankali, ba ta yi mini wulaƙanci ba. Ta ce yaran da suka zo daga wata ƙasa sukan kama Turanci cikin 'yan watanni, amma wannan ko kalma goma ba ta riƙe ba. Ana kiranta ba ta amsawa, ba ta kallon malama, ba ta shiga wasa. Wani mutum daga council, hukumar unguwa mai kula da makarantu, ya zo ya gwada ta, ya yi mata tambayoyi ta yi shiru daga farko har ƙarshe. Shawararsu ita ce a mayar da ita makarantar yaran da ƙwaƙwalwarsu ke da rauni. Ta turo mini takarda da biro.

Ban sa hannu ba. Ba don na san wani abu ba ne, ɗabi'ar kasuwa ce kawai. Ban taɓa yarda inji ya mutu a kan maganar mutum ɗaya ba, sai na kai wani ya buɗe. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen zangon da ake ciki, saura mako tara. Ta yarda, ta ce amma bayan nan ba a hannunta abin yake ba.

Da na koma sito na ba mai tayoyi labari. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce ɗan ƙanwarsa yana irin wannan makaranta, shekara huɗu ke nan, kuma shi bai taɓa ganin yaron da ya shiga ya dawo ajin kowa da kowa ba. A gida kuma matata ta ce a mayar da ita Kano kawai, can ba wanda zai ce mata komai. Na yi tunanin wa zai riƙe ta a can yanzu da tsohuwa ba ta nan.

A lokacin manyan mutane daga gida sun fara zuwa Landan ganin likita ko da ciwon kai ne, kuma da yawansu abokan cinikina ne. Ni nake musu booking, in raka su, in fassara inda Turancinsu ya tsaya. Ta haka na san wani ƙaramin asibitin kuɗi a Marylebone inda ake duba yara. Na nemi a ba ni rana. A waya na ce ƙwaƙwalwar yarinya nake son a duba.

Matata tana da tsohon ciki, ba ta iya hawa da sauka, don haka mu biyu muka tafi, ni da yarinyar. Wannan ne karo na farko da muka fita mu kaɗai. A tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ta zauna nesa da ni da kujera ɗaya.

Kafin mu ga likita wata nas ta fito ɗaukar awo. Doguwa ce, fatarta duk rana ta ƙona, Turancinta ba irin na Landan ba ne. Ta auna tsawon yarinyar da nauyinta, sai ta tsaya ta ɗan sunkuyo kusa da kanta. Ta tambaye ni ko za ta iya cire ɗankwalin. Na ce ta cire. Ta zaro audugar dama da ɗan hantsaki, ta zaro ta hagu, ta ajiye su a faranti. Abin da ya biyo bayan audugar hagu ban so ganinsa ba. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce an ce tun tana ƙarama. Ta tambaya wa ya ce ƙwaƙwalwa ce, na ba ta labarin mutumin council. Ta tambaya da wane yare ya gwada ta, kuma ko ya ɗaga ɗankwalin. Na ce da Turanci, ɗankwali kuwa ban sani ba.

Likita ya leƙa da fitilarsa, ya ce dodon kunnen ya huje duka biyu, na hagu ya fi lalacewa. Ya ce a kai ta ɗakin gwajin ji tukuna, sauran magana ta jira.

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da wani abu mai laushi. Nas ɗin ta sa wa yarinyar abin sauraro a kai, ta ajiye mata kwali da 'yan katakai a gabanta. Ta ce mini in bayyana mata da yarenmu cewa duk lokacin da ta ji ƙara, ko yaya take, ta jefa katako ɗaya a kwalin.

Na tsaya a inda nake, a gefen ƙofa, na faɗi maganar da Hausa, ina kallon bango. Yadda na faɗe ta kuwa shi ne, idan an ji ƙara a jefa katako. Yarinyar tana zaune, idonta a kan gwiwarta. Nas ta jira, sannan ta ce in kira sunanta tukuna don ta san da ita ake. Na ce ba na kiran sunanta. Na ɗauka za ta yi mini irin kallon da Turawa ke yi idan sun ji al'adarmu, na shirya in taƙaita bayani. Na ce 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ne, ta rasu bara.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita daga Ostireliya take, kuma ta yi shekaru tana aiki a can cikin hamada tare da mutanen asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, ake ce musu Aborijin. Ta ce su ma idan mutum ya mutu ba a ambaton sunansa, duk mai irin sunan sai a nemo masa wani abin kira. Yaransu ma ba sa kallon babba a ido. Sannan ta ce:

"Ba ruwana da sunan. Amma yarinyar nan da ido take ji. Idan ba ta ga bakinka ba, ba ka yi magana ba."

Na cire hulata na riƙe, ban san dalili ba. Na zo gabanta na tsuguna. Nas ta ɗaga mata abin sauraron daga kunnen dama. Na taɓa kafaɗarta, ta ɗago ta sake sunkuyawa da sauri kamar yadda aka koya mata. Sai da na sa yatsa a haɓarta na ɗago fuskar.

"Kalle ni," na ce da ƙarfi. "Ba laifi. Kalli bakina."

Ta kalla. Na faɗa mata zancen ƙara da katako sau ɗaya. Ta ce to. Muryarta tana da kauri kaɗan, da irin lafazin tsofaffin cikin birni, lafazin mahaifiyata sak. Ta yi gwajin daga farko har ƙarshe ba ta yi kuskuren ƙa'ida ko sau ɗaya ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne magana ta yau da kullum ba ta isa gare ta sai kamar daga bayan ƙofa biyu. A Kano ba a gane ba saboda tsohuwa ita ma kunnenta ya yi nauyi, da ihu take magana, kuma a fuska take yi.

A ranar na fahimci abin da muka yi. Yarinyar ta zo mana da hanya ɗaya ta gane magana, muka hana ta, muka kuma karɓi yabo a kai.

Likita ya rubuta maganin ɗigawa da na sha. Nas ce ta zauna da ni a kan yadda za a yi. Ta ce a inda ta yi aiki, akwai ajin da za ka shiga ka tarar yaran da kunnensu ke ruwa sun fi waɗanda nasu ke lafiya, malamai kuma suna rubuta cewa yaran ba su da kai. An yi ta raba musu irin wannan magani ba ya aiki, saboda ana ɗiga shi a kan ruwan ciwon ne, ya gangaro waje bai taɓa inda ake so ba. Abin da ta ga ya yi amfani shi ne da suka bar jiran likita, suka koya wa kakanni da gwaggwanni yadda ake busar da kunnen tukuna. Ta ɗauko takarda mai laushi irin ta bayan gida, ta kama kusurwa ɗaya ta murza tsakanin yatsu har ta zama siririya mai tsini. A zura a hankali, a bar ta ta sha, a zaro, a sake da sabuwa har sai ta fito a bushe. Sannan a ɗiga magani, a danna gaban kunnen don ya shiga. Sau uku a rana, ba fashi. Ba auduga, ba mai, ba turare, ba ɗankwali a kan kunne, kuma kada ruwan wanka ya shiga. Ta sa na murza takarda a gabanta har sau shida kafin ta yarda da hannuna. Ta ce na fi wasu ɗaliban likita, na ce aikin ƙarfe ma yana son hannu mai sanyi.

Ta kuma rubuta wa makaranta takarda cewa a zaunar da yarinyar a gaba, malama ta riƙa fuskantarta. Shugabar makarantar ta karanta, ta ce za a yi haka, amma maganar council tana nan sai an ga canji kafin ƙarshen zango.

Aikin kunnen na safe da na yamma uwarta ta karɓa, bayan mun sha gardama a kan ɗankwali. Na rana ne ya zama matsala. Matata ba ta iya saukowa daga hawa na uku, makaranta kuma ta ce ba aikin malamai ba ne. Ni ne nake kusa. Saboda haka kullum idan an tashi cin abincin rana sai in rufe ɓangarena na sito, in tuka tsohuwar motar ɗaukar kayana zuwa ƙofar makaranta. Ta fito ta shiga gaba, ta kwantar da kai a cinyata, in yi dama, ta juya in yi hagu. Kowane kunne sai an jira maganin ya zauna, kusan minti biyar. A kwanakin farko shiru muke yi. Daga baya na ga zaman ya yi yawa, na fara nuna mata abubuwan da ke cikin motar ina faɗin sunansu da Turanci, tana kallon bakina daga ƙasa. Sitiyari, madubi, ƙofa, taga. Da suka ƙare muka koma kan abin da ke wucewa a titi. Turancina na kasuwa ne, malamarta ta yi aikin gyara lafazin daga baya.

Wata rana wani abokin sana'ata ɗan Kano, wanda ya zo sayen kaya yake kwana a otal, ya je sito bai same ni ba, mai tayoyi ya kwatanta masa inda nake. Ya leƙo ta tagar mota ya gan ni da murzajjiyar takarda a hannu da kan yarinya a cinya.

"Alhaji, ashe ka canza sana'a ba ka gaya mana ba? Wanzanci ko ungozoma?"

Na ce ya jira ni minti biyar.

"Wannan ba ita ce ta farin ba? Kai, Landan ta gama da kai, mutumina. Bari in koma, sai na ba da labarinka a Ƙofar Ruwa."

Na ce ya bayar, amma ya matsa daga hasken. Ya matsa, ya tsaya yana kallo har na gama. A hanyarmu ta komawa sito ya ce ɗansa na uku ma kunnensa yana yi, ya tambaya ko kowace irin takarda ana iya amfani da ita. Na murza masa ɗaya ya sa a aljihu. Ban sani ba ko ya yi amfani da ita. Labarin dai ya bayar, don ya riga ni isa Kano.

A mako na huɗu kunnen dama ya bushe. Na hagu ya ragu sosai. A makon ne matata ta haihu, namiji, aka sa ranar suna. Flat ya cika da mata tun kwana biyu kafin ranar, matan ɗalibai da na ma'aikata, wasu tun daga Barking. Ni ina can ina neman inda za a yanka rago yadda ya kamata, na rana kawai nake yi, shi ma ranakun makaranta. Ranar Litinin bayan suna yarinyar ta shigo mota da ɗankwali har kan kunne. Na ɗaga, na tarar da auduga, na ji ƙamshin turaren. Kunnen hagu ya koma yadda yake a ranar farko, na dama ma ya fara jiƙewa.

Ban yi faɗa a gaban baƙi ba, na jira suka watse. Matata ba ta musa ba. Ta ce wata daga cikin matan ta toshe hanci da yarinyar ta miƙa mata ruwa, wata kuma ta tambaya me ya sa take kallon mutane haka kamar mayya. Ta ce kwana uku ne kawai, kuma ita ce za ta zauna da matan nan bayan ni na tafi sito. Na gane abin da take nufi, don gaskiya ne, ni ba a faɗa mini irin wannan magana a fuska. Amma na gaya mata saura mako huɗu a rufe zango, kuma idan takardar nan ta sake fitowa ba matan ne za su sa hannu ba. Na ɗauki kwalbar turaren na kai sito. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. A rana ta uku da safe na fito na same ta a bakin taga, inda haske ya fi, jariri a baya, kan yarinyar a cinyarta, tana murza takarda. Tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, sai kuma ta tuna ta juyo da fuskar yarinyar ta sake faɗa da ƙarfi.

Da muka koma Marylebone nas ta leƙa kunnen ta gane an yi fashi, ban ɓoye mata ba. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce a can ma haka ne, duk lokacin da aka yi taron biki ko na makoki sai aikin wata guda ya rushe, shi ya sa ta daina koya wa mutum ɗaya a gida. Aka canza maganin, muka sake daga farko.

Saura kwana biyar a rufe zango aka sake gwajin ji. Kunnen dama ya bushe sarai, likita ya ce hujin ya fara haɗewa, jin ya ƙaru yadda za ta iya bin magana a aji idan tana gaba. Na hagu ya bushe amma hujin yana nan da faɗinsa. Na tambaye shi kai tsaye ko da an kawo ta da wuri da an cece shi. Ya ce wataƙila, da shekara biyu ko uku baya. Na tambaya watannin da ta yi a hannunmu fa. Ya ce ba su taimaka ba.

Na kai wa shugabar makaranta sakamakon da kaina. Ta kira malamar ajin, wadda ta ce yarinyar yanzu tana amsa sunanta, tana da kalmomi da dama, waɗansunsu na sassan mota ne, kuma ta mari wani yaro da ya ɗauke mata fensir, abin da malamar ta lissafa a cikin ci gaba. Shugabar ta sa aka kawo yarinyar. Ta zaunar da ita a gabanta, ta nuna mata hotuna tana tambaya a hankali. Ta amsa wasu, wasu ta juyo ta kalle ni, na fassara, ta amsa da Hausa, na mayar. Shugabar ta ɗan yi rubutu, ta ce za ta sanar da council cewa a dakata, a ba ta zango ɗaya a gani. Ta buɗe aljihun tebur ta sa takardar da aka so in sa wa hannu. Ba a sake fito mini da ita ba. Yarinyar ta maimaita ajin, daga nan ta bi sahun 'yan'uwanta har ta gama.

Kunnen hagu bai dawo ba. An yi mata aiki tana da shekara goma sha biyu, bai kama ba. Har yau idan za a zauna cin abinci takan zaɓi kujerar da za ta sa mutane a damanta, kuma ba ta son a yi mata magana daga wani ɗaki.

Bayan wata biyu da rufe wancan zango na je gida, na dawo da tum-tum na fata, matashin zama, aikin Kano mai kyau, don in kai wa nas ɗin. Matar da ke karɓar baƙi a asibitin ta ce ta bar aiki, ta koma ƙasarsu, can cikin hamadar. Na tambaya ko akwai adireshi, ta ce ba a ba su izinin bayarwa ba. Na tsaya kaɗan da abin a hammata, sannan na sauka na hau tube da shi na koma sito, don akwai motar da nake jira daga Barking da ƙarfe uku.